Ranar Asabar Ake Fito da Inna

Mahaifina yana da uwa ranar Asabar, daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar. Sauran kwana shida na mako maraya ne, kuma maraicin bai taɓa hana shi cin tuwo ba.

Sunansa Alhaji Lawali. Tun da na yi wayo na san shi da Lawali Gusau, haka aka rubuta a jikin motarsa ta kwangila da kuma allon ƙofar gidanmu a Tudun Wada. Sai da aka kaɗa gangar siyasa a ƙarshen 1998, ya ga kujerar majalisar dokoki ta ɓangaren Tsafe ba za ta samu ba sai da ƙuri'un rugage, sannan ya tuna a ruga aka yanke masa cibiya. Cikin mako guda fastoci suka fito da sabon mutum: Lawali Buba 'Yandoto, Naku Ɗan Naku. Har malfa ya saya da sanda. Ranar da ya fara saɓa sandar a kafaɗa, sai da ya kwashe ƙwan fitilar falo.

Malfa da sanda ba shaida ba ne, kowa na iya sayensu a kasuwa. Uwa ce ba a kasawa a tire. Don haka aka tura mota rugarsu da ke bayan 'Yandoto, aka ɗauko kakata, Inna Yelwa. Aka ce mata kwana uku za ta yi, ta sa albarka a taro ta koma. Ta zo da ƙwarya ɗaya da zane biyu, don mai kwana uku ba ya jibgar kaya. Aka ɗora ta a buɗaɗɗiyar mota, aka zaga da ita ƙauye ƙauye ana nuna ta kamar sabuwar garma. Baba ya ci zaɓe a watan Janairu. Kwana ukun Inna kuwa sai da ya kai wata goma.

Baba ɗan fari ne. A wurin su Inna, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa cewa Lawali ba. "Wancan" take ce masa, ko "mai gidanku". Baba ya manta yadda ake tatsa, ya manta Fulatanci sai gaisuwa, amma wannan kunyar bai manta da ita ba. Ya adana ta da kyau, yadda mai shago ke adana makulli.

An sauke Inna a ɗakin baya, kusa da janareta. Da aka fara raba wa 'yan majalisa takin zamani don su kai wa mazaɓunsu, kason Baba ya rasa masauki sai ɗakin nan. Buhuna suka ci rabin ɗakin, sannan suka ci taga. Matar da ta shekara saba'in tana kwana da iskar daji ta koma shaƙar warin taki da hayaƙin inji.

Na ce wa mahaifiyata, Hajiya Shafa'atu, a mayar da ita ɗakin baƙi.

Ta ce, "Ɗakin baƙi na baƙi ne, Mansura. Inna ai 'yar gida ta."

"To 'yar gida ce ake kwantarwa da buhunan taki?"

"Ta yi maki ƙorafi? Su mutanen daji wanga ɗaki aljanna na gare su. Siminti fa, da rufin kwano. Ki tambaye ta ko ta taɓa kwana ƙarƙashin kwano."

Hajiya 'yar Bungudu ce, kuma a ganinta Allah ya gama halittar mutane a Bungudu, sauran da ragowar ƙasa aka yi su. In 'yan uwanta suka zo, sai ta sa a ja ƙofar baya, a kunna turaren wuta, wai gidan yana ƙarnin man shanu. Wata rana na ce mata jinin mai ƙarnin nan ne ke yawo a jikina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dangina kika biyo, ki gode wa Allah."

Amma ranar Asabar komai yakan canja. Tun da safe Hajiya da kanta take fito da farin leshi daga akwati, a yi wa Inna wanka, a shafa mata turare, a kai ta falo a zaunar kan darduma mai laushi, a jingina ta da matashi biyu. A ajiye lemo a gabanta, wanda kowa ya san ba za ta taɓa ba. Dalili kuwa, ranar Asabar ce Arɗo Labbo, shugaban rugagen bayan 'Yandoto, yake zuwa da dattawansa.

Abin da ke kawo su ɗaya ne. Burtalin da shanunsu ke bi zuwa rafi tun kaka da kakanni an yanka shi gonaki bayan zaɓe, an raba wa waɗanda suka yi wahalar jam'iyya. Sukan taso tun asuba, ransu a ɓace, maganarsu a shirye. Sai su shigo falo su tarar da Inna Yelwa zaune. Nan take sai su tuɓe takalma, su durƙusa, su yi ta gaisuwa har ta ƙare su sake wata. Bafulatani ba ya ɗaga wa ɗa murya a gaban uwarsa. Ba ya ce masa ya ci amana tana ji. Sai Arɗo ya yi ta murza gemu yana cewa, "Dama maganar nan ta hanya ce, Alhaji, in an samu dama." Baba ya ce, "Tana gaban kwamiti." A kawo shinkafa su ci, a yi addu'a, su tashi. Kafin ƙurar motarsu ta kwanta an tuɓe wa Inna leshi, an ninke, an mayar akwati, ita kuma an mayar da ita wurin taki.

Kwamitin da Baba yake nufi, shi ne shugabansa: kwamitin ɗa'a da koke-koken jama'a. Ni nake buga masa jawabansa a tafireta, tunda na gama kwaleji ina zaman jiran aiki. Da yatsuna na buga jawabinsa na ranar da aka ba shi kujerar, wanda ya ce a ciki al'ummar da ba ta girmama tsofaffinta ta yanke jijiyarta da hannunta. An tafa masa ƙwarai. Har a rediyo aka sa, Inna ma ta ji ta bayan buhuna.

Ni kaɗai take yi wa magana a gidan, don tsakanin jika da kaka babu shamaki. 'Yar boko take ce mani.

"'Yar boko, yau kwana nawa ga wata?"

In faɗa mata.

"To yanzu saniyata mai farin goshi ta kusa haihuwa. Surukata Mairo ba ta iya ta ba, sai ta harbe ta."

"Inna, ki ce masa kina son tafiya mana."

"Wa?"

"Baba."

Sai ta ja mayafi ta rufe baki, kamar na zage ta. "Ke ba ki da kunya. Takardar ce ta cinye maki ita?"

"Ta cinye, har ta sha ruwa."

"Allah ya shirye ki. Wa zai aure ki da wanga baki?"

Tunda ita ba za ta faɗa ba, ni na riƙa faɗa. A watan Fabrairu Baba ya ce a bari a rantsar da su, ba zai yi kyau a ce uwar Onarabul ba ta wurin ba. Aka rantsar da su a farkon damina, ranar kuma Inna tana ɗakin baya, don katin gayyata na mutum biyu ne, Hajiya ta tafi da ƙanwarta. Na sake magana, ya ce a bari a kafa kwamitoci. Aka kafa. Ya ce a bari a gama rabon taki. Takin nan kuwa har aka yi huɗa, har gero ya fitar da kai, yana nan yana jiran kasuwa ta yi kyau. Da na matsa, ya ce damina ce, hanyar ruga ta ɓaci. Na ce Arɗo Labbo kowace Asabar ta sama yake zuwa?

Ya ajiye jaridar da ke hannunsa ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke ta ce maki tana son tafiya. Ni ta ce mani?"

"Baba, ka san ba za ta ce maka ba."

"To ni shugaban kwamitin koke ne. Ban aiki da an ce, an ce. Ranar da ta ce mani da bakinta, ranar za ta kwana ruga."

Ya ɗauki jaridarsa. Ya faɗi gaskiya kuwa, Baba ba ya ƙarya in akwai hanyar da ta fi ƙarya sauƙi.

Inna ta fara lalacewa a hankali, yadda ganye ke yi in an tsinke shi an ajiye a inuwa. Abinci ne ya fara. Ba ta saba da shinkafa da mai da yaji ba, kuma ba za ta ce wa surukarta ba ta so ba. Sai ta ci loma biyu ta rufe kwano. Hajiya ta buɗe ta ce, "Kun gani, ƙoshi ya yi mata yawa." Na riƙa tare masu tallan nono a ƙofar gida ina saya mata, su kuma su leƙa su gaishe ta, ta tambaye su labarin daji. Da Baba ya ji, ya hana su shiga. Ya ce tsaro. Tsaron shi ne kada wata ta kai labarin buhunan taki ruga. Aka saya mata madarar gwangwani. Ta shinshina ta ce, "Wagga saniya ba ta taɓa cin ciyawa ba."

Sai ƙafafu. Matar da take taka sayyada daga ruga zuwa kasuwar Tsafe da ƙwarya uku a ka, yanzu tafiyarta daga tabarma zuwa bayan gida. Ƙafafun suka kumbura har fatar tana sheƙi, in na danna yatsa sai ramin ya tsaya. Sai tari ya biyo baya, irin mai fitowa daga can ƙasa. Na ce a kai ta asibiti. Baba ya ce asibiti akwai 'yan adawa, gobe sai a ji a gari cewa uwar Onarabul tana kwance. Aka samo wani mai kemis, Bala, yana zuwa kowace Juma'a da yamma ya yi mata allura, don ta iya zama da kanta ranar Asabar. Sauran kwanaki ba a bukatar ta zauna, don haka ba a bukatar allura.

Wata Laraba a watan Satumba na shiga na tarar da ita ta rarrafa har bakin ƙofa, ta sa hancinta a tsagar ƙyaure. Hadari ne ya haɗu a gabas, take shaƙar ƙamshin ƙasa.

Ta ce, "'Yar boko, ba na son in mutu kan siminti. Ƙasa ba ta jin mutum in ya faɗi a kai."

Ranar na zauna gaban tafireta. Na ce tunda Baba ba ya aiki da an ce, bari in ba shi abin da yake aiki da shi. Na buga takardar koke, shafi biyu, da kwanan wata da komai, zuwa ga shugaban kwamitin ɗa'a da koke-koken jama'a, daga Yelwa matar marigayi Buba, wadda aka tsare wata tara ba da son ranta ba a wani gida a Tudun Wada. Na sa hannu a madadinta. Ban gaya mata ba, don na san abin da za ta ce. Na kai da kaina, akawu ya buga hatimi ya ba ni kwafi. Na dawo gida ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Karatu yana sa mutum ya ɗauka duk abin da aka buga wa hatimi ya zama gaskiya.

Mako biyu ban ji komai ba. Ran Asabar ta uku, bayan an shimfiɗa Inna a falo, Arɗo Labbo da dattawa huɗu sun gama gaisuwa, Baba ya sa a kira ni da Hajiya. Ya zaro takardata daga aljihun babbar riga, yana murmushi.

"Arɗo, yau kun zo a sa'a. Za ku ga yadda muke aiki a majalisa. Ga koke an kawo mani, kuma ko a kan kaina ne ba na danne koke."

Ya karanta ta daga farko har ƙarshe, da murya irin ta rediyo, yana tsayawa inda na yi amfani da manyan kalmomi don a yi dariya. Ba wanda ya yi sai Hajiya. Dattawan suka sunkuyar da kai. Inna kuwa, da ta gane da sunanta ake magana, sai na ga ta damƙe gefen leshi. A gaban mazan rugarsu ake karanta cewa ta kai ƙarar ɗanta na fari. Da na tuɓe ta a kasuwa da ya fi mata sauƙi. A nan na san abin da na yi.

Baba ya ninke takardar.

"Ƙa'idarmu ita ce, mai koke ya bayyana da kansa, ya faɗi sunan wanda ya zalunce shi da bakinsa. Ga mai koke, ga shaidu. Arɗo, tambaye ta. Akwai wanda ya tsare ta a gidan nan? In akwai, ta faɗi sunansa."

Na ce, "Baba, ka san ba ta iya…"

"Ke ba a ba ki dama ba. Arɗo, bismilla."

Arɗo Labbo ya dubi darduma. Sannan ya ce a hankali, "Yelwa, kin ji."

Inna ta yi tari, ta share baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Lafiya lau nike."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. Ya zaro biro ya rubuta a bayan takardar yana faɗa da ƙarfi. "Mai koke ba ta ambaci kowa ba. An kori koke. Hajiya, a kawo wa baƙi abinci."

Hajiya ta miƙe. Ni kuwa ina tsaye jikin bango. Sai na ji muryar Inna.

"'Yar boko, zo ki juya ni."

Ban gane ba. Ta miƙo mani hannu biyu. Na kama ta, ta riƙa jan jiki da ƙyar, kumburarrun ƙafafun suna jan darduma, har ta ba falon baya ta fuskanci bango. Ta jawo mayafi ta lulluɓe kanta gaba ɗaya. Daga cikin mayafin ta yi magana, ba da ɗanta ba, da Arɗo.

"Labbo, ni ba ni nan. Wanga da kuke gani zane ne anka shanya. Zane ba ya ji. Ka faɗi abin da ya kawo ka."

Ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta.

Arɗo Labbo ya dubi bayanta. Ya dubi dattawansa. Sai ya gyara zama, ya miƙe ƙafa ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi a falon nan ba.

"Lawali," ya ce. Ba Alhaji, ba Onarabul. "Ni na riƙe ka ranar da anka yi maka kaciya, ka yi mani fitsari a riga. Wata tara muna zuwa nan muna cin shinkafarka muna komawa da maganarmu a ciki. Gona bakwai anka yanka kan burtali. Ta tsakiya, mai masara, wadda ta toshe mashaya, taka ce. Yaranka ke gadinta da gora. Shanun uwarka na cikin waɗanda suke kora. Mun tashi mata da tsofaffi mun yi maka layi cikin rana, mun ce namu ne. Ashe malfar ce tamu, kan da ke ciki na wasu ne."

"Arɗo, maganar tana gaban…"

"Kwamiti. Mun ga kwamitin yau. Mun ga yadda yake aiki." Ya miƙe, dattawan suka miƙe. "Ba mu ƙara zuwa. Ka huta da sayen shinkafa."

A bakin ƙofa suka yi karo da Hajiya da tire a hannu. Suka raɓa ta suka wuce.

Ranar Litinin Baba ya gano cewa iskar ƙauye za ta yi wa Inna amfani. Ya faɗa wa Hajiya a gabana, da fuskar mutumin da ya daɗe yana tunanin abin. Ya ce tsofaffi ba a raba su da inda suka saba, zalunci ne. Hajiya ta ce wallahi ita ma abin ya daɗe yana damunta. Ranar Talata aka kawo akori-kura, aka shimfiɗa katifa a baya, aka ɗora buhun shinkafa ɗaya. Aka kira mai hoto ya ɗauki Baba yana riƙe da ƙofar mota. Leshin ya tsaya a akwati, Inna ta fita da zanenta biyu da ƙwaryarta. Baba yana da zaman majalisa, don haka ni na raka ta.

Muna wuce 'Yandoto muka saki kwalta, ta ce in ɗaga ta zaune. Ta riƙa kiran sunan kowace bishiya da kowane kwazazzabo kamar tana gaida dangi. Tarin ma ya lafa. Da muka zo inda burtali yake a da, masara ta fi mutum tsawo hagu da dama, an kafa ƙaya. Inna ta dubi gaba kawai.

Mun isa ruga da la'asar, muka tarar ana kwance ta. An yaye ciyawar bukkoki, sai kwarangwal ɗin itace a tsaye. Mata suna ɗaure ƙore a raga, maza suna haɗa igiyoyin maruƙa. Mairo, matar ƙanin Baba, ta taho da gudu tana kuka. Ta ce gobe da safe za su tashi, su yi kudu, inda aka ce har yanzu saniya tana iya zuwa ruwa ba ta taka gonar Onarabul ba.

Na ce wa Arɗo, "Ba za ta iya tafiyar nan ba. Ko tsayuwa ba ta yi."

Ya ce, "To ki mayar da ita."

Inna ta ce, "Ku sauke ni."

Aka sauke ta, ba kan katifa ba, ta ce a ƙasa. Ta shafa ƙasar da tafin hannu biyu. Da shanu suka dawo kiwo, aka jawo mata mai farin goshi da ɗan maraƙinta. Saniyar ta sunkuyo tana shinshinar kanta, ita kuma tana yi mata faɗa da Fulatanci. Mairo ta tatso madara da ɗuminta. Inna ta kafa kai a ƙwarya, ba ta ɗago ba sai da ta ga gindinta. Wata goma ban taɓa ganin ta gama abin da aka ba ta ba.

Washegari da hantsi aka ɗora ta kan takarkari, aka tokare ta da tabarmi hagu da dama, aka ɗaure ƙafafun da zane don kada su yi lilo. Na riƙe hannunta ina tafiya gefen san har bakin kwazazzabo.

Na ce, "Inna, ki yafe mani takardar nan."

"Ke dai ba ki da kunya. Amma hannunki na da kyau, na ji yadda anka karanta." Ta gyara mayafi. "Wancan na gidanku."

"Na'am. Me zan ce masa?"

Na shirya kunnena. Na ce yau dai, ko a bayan idonsa, za ta faɗa.

"Yana tari da safe. Ina jinsa ta bayan buhuna. Ki ce wa uwarki ta riƙa dafa masa citta."

Aka kora san, ta bi bayan shanu.

Kwana goma sha biyu bayan nan, Aliyu ƙanin Baba ya zo Gusau da ƙafafu duk faso. Ya ce ta cika a wani zango bayan Magami, da rana tsaka, a gindin wata bishiyar marke, shanu suna kewaye da ita. A nan suka rufe ta suka ci gaba.

Mutuwar ta karɓi Baba ƙwarai. An kafa rumfuna huɗu a ƙofar gidanmu, aka toshe titi kwana uku. Abokan aikinsa suka zo ayari ayari, manyan riguna suna share ƙasa. Rediyo ta yi ta sanarwa safe da yamma cewa Allah ya yi wa Hajiya Yelwa rasuwa, ita da ko tashar jirgi ba ta taɓa gani ba. Aka wanke hoton nan na bakin mota aka rataye a falo. Duk wanda ya shigo sai Baba ya nuna masa ya ce, "Ranar da na kai ta gida kenan. Ta matsa sai ta tafi. Na yi, na yi, ta ƙi. Kun san tsofaffinmu da daji." Sai ya share ido, su ce Allah ya saka masa da alheri, irinsa ba su da yawa. Wani daga cikinsu ya tambayi inda kabarin yake don su je ziyara. Baba ya ce hanyar ba ta biyuwa.

Ni ce mai kai ruwa rumfar mata. Duk wadda ta ce mani ya haƙuri, sai in ce haƙuri yana bayan Magami, mu nan shinkafa muke rabo. Hajiya ta ce in na sake faɗa za ta fasa mani baki. Na sake faɗa.

Ran sadakar bakwai, bayan an kwashe rumfuna, na wuce ta ƙofar falo da tsintsiya. Baba yana lissafin rugagen da suka rage a mazaɓarsa, yana cewa waɗanda suka tashi sun tashi, amma na gabashin Tsafe suna nan, kuma shekara uku kamar gobe ce. Hajiya ta ce gaskiya ne, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Sai ta rage murya.

"Alhaji, wai Inna ba ta da ƙanwa a raye?"